Filin Sana'a: Haruffa Uku A Saman Kyamara, Kowane Da Aikinsa

Mai ɗaukar hoto da aka ba aikin hawan Sallah ko ɗaurin aure ba shi da damar cewa a sake. Idan hoto ya lalace, kuɗin mai biki ya tafi, sunan mai sana'a kuma ya zube. Sau da yawa abin da ke jawo wannan asara shi ne rashin sanin bambancin haruffan nan uku, P da A da S, waɗanda ke jikin ɗan faifan da ake murzawa a saman kyamara.

Manyan abubuwa biyu ne ke iyakance hasken da zai shiga kyamara: faɗin ƙofar da ke cikin gilashinta, da tsawon lokacin da labulenta ke yi a buɗe. In an faɗaɗa ƙofa sai a gajarta lokaci, in an tsuke ta sai a tsawaita shi. Haruffan suna nuna wanda zai yanke shawara ne, mutum ko na'ura.

A kan S, wanda kamfanin Canon ke rubutawa Tv, mutum ke zaɓen lokaci, kyamara ta daidaita ƙofa. Wannan shi ne na abu mai gudu. Mahayan da suka sako dawaki a guje don yin jafi ranar Hawan Daushe a Kano suna bukatar 1/1000 na daƙiƙa. Wanda ya ɗauke su da 1/60 ba zai tarar da komai ba sai inuwar doki.

A kan A, ko Av, mutum ke zaɓen ƙofa, kyamara ta daidaita lokaci. Abin lura, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Da f/2.8 fuskar amarya za ta fito tangaram, taron da ke bayanta ya dushe. Dangi kuwa da suka jeru sahu uku sai f/8 ko f/11, don na baya su fito kamar na gaba. Amma da almuru, tsukakkiyar ƙofa kan sa kyamara ta ja lokaci, har rawar hannu ta ɓata hoton.

A kan P kyamara ke zaɓen duka biyun. Tsarin ya yi suna ne da fitowar Canon A-1 a 1978. Yana da amfani wajen gaggawa, sai dai na'ura ba ta san ko doki ake nufi ko amarya ba, tsaka-tsaki kurum take bi.

Akwai kuma aibi guda da ukun suka yi tarayya a kai. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ke gabansa a matsayin ruwan toka. In farar babbar riga ta cika hoto, sai ya rage haske, rigar ta yi dusu-dusu, fuskar mai ita ta nutse cikin duhu. Maganinsa shi ne a ƙara haske da maɓallin nan mai alamar +/-, a kai shi wajen +1.

Taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka kafin a murza faifai, ya kamata mai sana'a ya tambayi kansa abin da ya fi tsoro a wannan hoto: motsi ko dushewar na baya. In motsi ne, S. In dushewa ce, A.