Tsohuwar Jita A Rumfar Gwanjo: Nawa Za A Taya, Nawa Za A Sallama?

Duk wanda ke buɗe kwantenar kayan gwanjo da ke zuwa daga Turai, ko yake sari daga hannun waɗanda suka buɗe, ya san ba a rasa jita ɗaya ko biyu cikin tarkace, tsakanin kekunan yara da tsofaffin rediyo da tukwane. A da babu mai tsayawa a kanta. Ana jingine ta bakin rumfa, wani saurayi ya zo ya taya, a ce albarka, ya ƙara ɗan wani abu, a sallama. Yau kuwa da waya ta shiga hannun kowa, lamarin ya juya. Yaron shago zai karanta sunan da ke kan jitar, ya buga a intanet, ya ga wani mutum a Faransa ko Amurka ya sa wa mai irin wannan suna kuɗi masu tsoratarwa, sai ya ruga ya ce, "Alhaji, kada a sayar, dukiya ce." Daga nan sai a rataye ta, ta shekara tana shan ƙura da rana, har ta tsage.

Ra'ayina shi ne, ƴan uwana ƴan kasuwa, wannan sabon kuskuren ya fi tsohon cin jari. Farashin gaskiya na tsohuwar jita shi ne abin da aka taɓa biya hannu da hannu a kan irinta, a cire kuɗin gyaran da take buƙata, a kuma cire abin da za a kashe kafin ta isa hannun wanda zai biya wannan kuɗin. Abin da ya rage shi ne naka. Galibi kuwa abin da ke ragewa bai kai rabin abin da waya ta nuna ba.

Labaran da ke ruɗa mutane gaskiya ne, ba ƙarya ba. A watan Yunin 2020 an yi gwanjon wata jitar Martin ƙirar 1959 a Amurka kan dala miliyan 6 da ɗoriya. A watan Mayun 2024 an sayar da wata Framus mai tsirkiya 12, wadda aka tsinta a ɗakin ajiyar wani gida a Ingila, kan kusan dala miliyan 2.9. To amma ta farkon ta mawaƙi Kurt Cobain ce, ta biyun kuma ta John Lennon, kuma akwai hotuna da shaidun da suka tabbatar da haka. Sunan mai ita aka saya. Ita Framus ɗin, kamfanin Jamus ne da ya ƙera jitoci masu ɗimbin yawa don talakawa, kuma ƴan uwanta na nan jibge a kasuwannin gwanjo na Turai babu mai waiwayarsu.

Mafi yawan abin da ke isowa gare mu daga wannan sahun yake: Egmond ta Holan, Eko ta Italiya, Framus da Höfner na Jamus, wani lokaci Harmony ta Amurka, sai kuma tarin marasa suna. Kaya ne da iyaye suka saya wa ƴaƴansu da arha a shekarun 1960 da 1970. Abin da aka saya da arha a 1968 ba ya zama zinariya don kawai ya kwana shekara 50 a ɗakin ajiya. A tuna kuma, kafin kaya su shiga kwantena sun bi ta hannun masu tantancewa a can, waɗanda su ma suna da waya, kuma sun fi mu kusa da masu saye. Ba kasafai abin kirki ke kuɓuce masu ba.

Duk da haka yakan kuɓuce. Wadda ta fi yiwuwa ka ci karo da ita ita ce Yamaha. Idan ka leƙa ramin cikinta ka ga jar takarda mai rubutun Nippon Gakki, to ta farkon jerin FG ce, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1966, kafin a mayar da yawancin aikin Taiwan a farkon shekarun 1970. Wannan tana da masu nema, kuma ta fi ƴan uwanta na baya kuɗi, sai dai kuɗinta na ɗaruruwan yuro ne, ba na gina gida ba. Haka Levin ta Suwidin, wadda kamfanin Martin ya saye a 1973, ita ma aiki ne mai kyau da bai kamata a haɗa shi da tarkace ba.

Martin da Gibson kuwa, idan ka ga sunansu a rumfar gwanjo, fara da zargi. Jabu ya cika duniya. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Idan masu jabu na iya tura irin wannan adadi ƙasar da ake ƙera ta gaskiyar, ina ga kasuwar Ƙonni ko ta Ɗan Isa? Martin ta asali tana da lambar ƙira da aka buga a jikin kututturen katakon da ke ciki, daidai inda wuya ya haɗu da gangar jiki, kuma kamfanin ya wallafa jerin da ke nuna shekarar kowace lamba. A haska tocila a duba, a ɗauki hoto. Idan lambar ba ta dace da shekarar da mai kaya ke faɗa ba, magana ta ƙare. Ko ta dace, a tuna kamfanin na da masana'anta a Meziko mai yin masu sauƙin kuɗi, haka kuma Epiphone da Sigma, duk da dangantakarsu da manyan sunayen nan biyu, farashinsu daban ne.

Yanzu sai batun da ya fi suna muhimmanci, wanda kuma ƴan kasuwarmu suka fi sakaci da shi, wato lafiyar jitar. Mu idonmu kan fenti yake. In tana ƙyalli mu ce lafiya lau, in ta koɗe mu rage kuɗi. Makaɗi kuwa wuya yake dubawa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan an ɗaure su daidai suna jan wuya da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. A hankali wuyan yake tasowa, cikin jitar ya kumbura a bayan jaki, wato katakon da tsirkiya ke hawa kansa kamar yadda yake a molo da gurmi. Sakamakon haka tsirkiya takan yi nisa da wuya, yatsa ya kasa danne ta, sauti ya karkace.

Gwajin ba ya buƙatar gwani. A ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan zuwa na 12, a auna tazarar da ke tsakanin kansa da tsirkiya mafi kauri. Milimita 2 da rabi zuwa 3 lafiya ce. In ta haura 4, sai a dubi farin ƙashin da ke kan jaki: idan da sauran tsayi, ana iya goge shi a sauke tsirkiyar, aiki ne na ɗan lokaci. Idan kuwa an riga an goge shi har ya kusa shafewa amma tsirkiya na nan a sama, to sai an cire wuyan ɗungurungum an sake dasa shi. A Turai da Amurka wannan aiki na cin ɗaruruwan dala, a nan kuma da wuya ka sami wanda ya iya shi, domin ba aikin kafintan kujera ba ne. Tsofaffin Yamaha ɗin da na ambata sun yi suna wajen wannan ciwo, kuma cire wuyansu ya fi na saura wahala. Don haka jar takarda da karkataccen wuya ba ta kai farashin sabuwar jita mai arha da ke kaɗuwa daidai ba, a wurin wanda zai yi kiɗa da ita.

Sauran abin dubawa ba su da yawa. A gwada zura takarda ƙarƙashin jaki ta baya, in ta shige, gam ya saki. A ƙwanƙwasa fuskar a hankali, in an ji kakkarwa, ɗaya daga cikin haƙarƙarin katakon da ke ciki ya ɓalle. A duba bayan kai, inda kunnuwan murɗa tsirkiya suke, ko an taɓa karyewa an liƙa. Akwai kuma ɓarnar da mu kanmu muke yi: jita mai faɗin wuya da aka ƙera don tsirkiyar roba, sai a ɗaura mata ta ƙarfe saboda ita ce ake samu a kasuwa. Ba a gina ta don wannan nauyi ba, kuma ƙarshenta jaki ya tashi ko fuska ta lotsa.

Idan an tabbatar da suna da lafiya, sai lissafi. Kuɗin da mutum ya rubuta a tallarsa ta intanet buri ne, kamar yadda kowannenmu ke faɗin farashin farko ya san ba a nan za a tsaya ba. Shafukan Reverb da eBay suna da wurin da ke nuna abin da aka riga aka sayar da kuma nawa aka biya. Can za a duba, kuma a duba guda biyar ko shida masu lamba iri ɗaya, a ɗauki na tsakiya. A ce ka ga irin taka tana tafiya kan yuro 400. Da yake sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane ɗaya, wannan ya kama jika 262 da ƴan kai. Amma wancan kuɗin an biya shi ne a Turai, ga mai sayarwa da ke da suna a shafin, wanda zai karɓi kayansa in mai saye ya ce bai gamsu ba. Kai da ke Maraɗi ko Magarya, sai ka cire kuɗin akwati, da na jirgi, da la'adar shafin, da harajin shiga can, da na wanda zai tsaya maka, da haɗarin ta isa a karye. Wanda ke saye da naira a Jibiya ko Illela sai ya ƙara da canjin ranar, wanda tun da aka saki naira a 2023 ya koya wa kowa hankali.

Akwai ma wadda tsadarta ce ke hana ta tafiya. Manyan jitocin Martin har zuwa 1969 an yi bayansu da gefensu da wani katakon Burazil da yarjejeniyar CITES ta sa cikin jerin mafi tsanani tun 1992. Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar, ita ce ma ta shafi fataucin madobiyarmu tun 2017. Irin wannan jita ba ta tsallaka iyaka bisa doka sai da takardar izini, in babu kuwa ana iya ƙwace ta a filin jirgi. Mai irinta ya nemi masani tun kafin ya yi maganar kuɗi da kowa.

Wani abin da waya ba za ta faɗa maka ba shi ne iskar ƙasarmu. Masu ƙera jita na son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Da hunturu a nan yakan sauka ƙasa da 20. Jitar da aka yi fuskarta da tsantsar katako guda, wadda Turawa suka fi daraja, ita ce ke fara tsagewa. Mai falle-falle da aka liƙa da gam, wadda suke rainawa, ita ke jurewa. Ana gane bambancin a bakin ramin: in zanen katakon ya gangara daga sama har ƙasa, guda ne, in ka ga layi-layi kamar an jera takardu, falle ne. Saboda haka a ganina tsohuwar Eko mai nauyi, mai wuya ɗaure da ƙusa, ta cancanci kuɗi a nan fiye da yadda lissafin Turai zai ba ta, mai tsantsar katako kuwa kowace rana a rumfar kwano ragin kuɗinta ce.

Na san za a ce mani kasuwa alƙali ce, abin da mai saye ya yarda ya biya shi ne farashi. Haka ne, idan duka biyun sun san abin da ke gabansu. Amma wa ke sayen jita a wurinmu? Samari ne masu koyo, da makaɗan biki, da mawaƙan coci, da ƴan Agadas da Tawa waɗanda jita ta zama muryarsu. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko don babu ta saye, Bombino kuma ya kai kiɗan Agadas har takarar kyautar Grammy ta 2019. Irin waɗannan yaran ne ke tsayawa bakin rumfarka da kuɗin da suka yi wata da watanni suna tarawa. Ka nuna wa irinsu hoton waya, ka ɓoye masa cewa wuya ya tashi, wannan ɓoye aibi ne, kuma malamanmu sun yi bayanin hukuncinsa a babin ciniki, har da haƙƙin mai saye na mayar da kaya. Haka shi ma dillalin da ya gane Martin ta gaskiya a hannun tsohuwar da ke sayar da kayan mijinta, ya ce mata itacen wuta ne, ba wayo ya yi ba. Ya faɗa mata, su yi yarjejeniya kan la'ada, ribar za ta ishe su.

Wanda jita ta faɗo hannunsa kuma yana zaton tana da daraja, kada ya kai ta a sake mata fenti, domin a wurin masu tara irin waɗannan kaya sabon fenti na iya zubar da kusan rabin kuɗinta. Kada ya yar da tsofaffin kunnuwanta ko akwatinta. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya sa ta cikin akwati tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin leda mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba, ya ajiye ta a ɗakin ƙasa nesa da kwano. Ya ba kansa wata uku na bincike. In wata ukun suka cika babu wanda ya tabbatar masa da wani abu, ya sa mata farashin jitar kiɗa, ya sallama wa makaɗin da ya fara yin tayi mai kyau kafin hunturu ya shigo.