"An yi gwaji ba a ga komai ba", yaro kuma yana ƙarewa

1/ Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke raina. Kalmar nan ta "an yi gwaji ba a ga komai ba" tana kai yaranmu kushewa. Maganar tarin fuka nake, tibi, a jikin ƙananan yara. Ku biyo ni a hankali.

2/ Ɗan ƙanwata, shekararsa biyu. Wata uku yana zazzaɓin yamma, ya daina wasa, ya rame. Aka ce haƙori ne. Aka ce shawara ce. Wanzami ya cire masa beli. Mai kemis ya yi ta ɗura masa sirof. A wani asibiti aka yi gwajin fata, aka ce babu tibi, ku tafi gida.

3/ Alhali kakansa da suke kwana ɗaki ɗaya ya kusa shekara yana tari. Babu wanda ya tambaya. Sai da Allah ya haɗa mu da wata likita, tambayarta ta farko: "Wa ke tari a gidanku?" Hoton ƙirji, aka fara magani. Yau yaron nan shi ke hana mu barcin rana.

4/ To me ya sa gwajin farko ya ce babu? Don gwajin fata, wanda ake kira Mantoux, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Garkuwar jiki yake tambaya: kin taɓa haɗuwa da wannan baƙon? A yi allura a fatar hannu, a dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna kumburin.

5/ Kun ga matsalar? Sai garkuwa mai ƙarfi ce ke iya amsawa. Yaron da tamowa ta cinye, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ko yana ɗauke da HIV, ko tibin ya riga ya bazu a jikinsa, garkuwarsa ba ta da bakin magana. Wato wanda ya fi kusa da mutuwa shi gwajin ya fi yi wa shiru.

6/ Shi ya sa ma ma'aunin ya bambanta: kumburin milimita 10 ake nema ga sauran yara, amma 5 ya isa ga mai tamowa mai tsanani ko mai HIV. Kuma ko an ga kumburin, ba ya rarrabe ƙwayar da ke kwance da wadda ta zama ciwo. Gwajin jini na IGRA ma haka yake.

7/ "To a gwada majina mana." Haba! Ɗan shekara biyu ne zai kakaro maka majina ya tofa a kwalba? Haɗiyewa yake. Ga shi ƙwayoyin cutar a huhun yaro kaɗan ne, ba kamar na babba ba. Ko na'urar GeneXpert tana iya kuskure su.

8/ Tunda haɗiyewa yake, yanzu ana iya gwada kashinsa da GeneXpert, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Ku nema. In an gani, magana ta ƙare. In ba a gani ba fa, ba ta ƙare ba.

9/ Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babba mai lafiya, garkuwarsa kan kewaye ƙwayar ta kulle ta shekara da shekaru. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta gama nuna ba. Ƙwayar sai ta bi jini ta watsu, ta kumbura kaluluwar wuya, ko ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

10/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara kusan miliyan 1.3 sun kamu da tibi a 2022. Akasarin masu mutuwa 'yan ƙasa da shekara biyar ne, kuma kusan dukkansu ba a taɓa fara musu magani ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar.

11/ Ma'aikatan lafiya, da ku nake yanzu. Na san za ku ce ba a ba da maganin wata shida babu hujja. Gaskiya ne. Amma wa ya ce takardar lab ce kaɗai hujja? Tari ko zazzaɓi sama da mako biyu, rama, rashin kuzari, mai tari a gida, hoton ƙirji: duk hujja ne.

12/ Ƙa'idojin 2022 na hukumar sun kawo tsarin yanke shawarar fara wa yaro ɗan ƙasa da shekara 10 magani ko da gwaji bai nuna ba. Jiran takarda a nan ba taka-tsantsan ba ne, sakaci ne.

13/ Sannan ku masu tallan "maganin ƙara garkuwa" a Facebook da TikTok, ku ji tsoron Allah. Kun ji ana maganar garkuwa kun mai da ita jari. Zuma da habbatussauda abinci ne mai kyau, amma ba sa kashe ƙwayar tibi. Isoniazid da rifampicin da 'yan uwansu ne ke kashe ta.

14/ Ku san kuma ba kullum ake son garkuwa ta yi zafi ba. A sanƙarau na tibi, kumburin da garkuwar ke haddasawa shi ke lalata ƙwaƙwalwa, har likita kan haɗa da maganin da zai lafar da ita. Mai kwalba a tasha ya san wannan?

15/ Abin da ke tallafar garkuwa a fili yake: allurar BCG ranar haihuwa, wadda ke rage mugun nau'in tibi a yara, nonon uwa, rigakafin ƙyanda, maganin tamowa, gwajin HIV da fara magani in an samu.

16/ Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Akwai na yara mai narkewa a ruwa. Yawanci wata shida ne, marar tsanani wata huɗu, na ƙwaƙwalwa har shekara. Fitsari zai yi ja-ja, aikin rifampicin ne, kar a tsorata. Kar kuma a daina don yaro ya fara gudu a tsakar gida.

17/ Iyaye, saura mu. In an sami babba da tibi a gida, duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a kai shi a duba. Ko lafiyarsa ƙalau, akwai maganin kariya na wata uku ko shida. Amma mu sai ɓoyewa, wai kar a ce gidan wane akwai tarin fuka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

18/ Yaro ba ya sayo tibi a kasuwa. Wani babba ne ya shaƙa masa, galibi wanda ya fi ƙaunarsa. Don haka gobe in an ce miki "ba a ga komai ba", kar ki goya ɗanki ki juya. Ki ce: "Likita, akwai mai tari a gidanmu." A Najeriya ana kiran 3340 kyauta don neman cibiya mafi kusa.

Ku tura wa wata uwa. Allah ya raya mana su.