Wai Gidan Wayar Ƙauye Ne Ya Talauta Amurka?

A watan Yulin 2011 Hukumar Gidajen Waya ta Amurka, ƙarƙashin shugabanta Patrick Donahoe, ta fito da jerin sunayen gidajen waya kusan 3,700 da take duba yiwuwar rufewa, akasarinsu a karkara. Hujjarta wai ba sa kawo riba, wai kuma tsuke bakin aljihu ya zama dole.

To, 'yan uwa, a tsaya a yi lissafi. Abin da aka ce rufewar za ta adana bai wuce Dala miliyan 200 a shekara ba. A shekarar ƙasar ta kashe wa sojojinta kimanin Dala biliyan 700, ma'ana abin da ake son tatsa daga talakan ƙauye bai kai abin da rundunar ke lashewa cikin awa 3 ba. Ashe kuɗin makami ba ya ƙarewa, na wasiƙar tsohuwa ne ke ƙarewa!

Abin tambaya a nan shi ne, ina giɓin ya samo asali? Gaskiya ne intanet ta rage masu aika wasiƙa. Amma a 2006 majalisar ƙasar ta yi wata doka, Shugaba George Bush ya sa hannu, wadda ta tilasta wa hukumar ajiye kusan Dala biliyan 5.5 duk shekara don kula da lafiyar ma'aikatan da za su yi ritaya nan gaba. Ga hukumar kuwa da kuɗin kan sarki da na aike take gudana, ba da haraji ba. Manya suka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, da ta durƙusa sai aka nuna ƙauye da yatsa. Ba a nan zaluncin ya tsaya ba, domin dokar ƙasar ta 1970 ta hana a rufe ƙaramin gidan waya don kawai yana tafka asara.

Su wa za su ji jiki? Tsohon soja da ake aiko wa magani ta gidan waya. Marar asusun banki da ke aika kuɗi ta can. Ƙabilun asalin ƙasar irin su Nabaho, waɗanda da yawansu ba a kai musu wasiƙa gida, sai sun je akwatinsu. Mai mota da kwamfuta a birni ba ruwansa.

Mutanen karkara ba su naɗe hannu ba. Sun cika tarurruka, sun yi ta koke, sun matsa wa wakilansu lamba. A watan Mayun 2012 hukumar ta janye, sai ta koma rage lokacin aiki a gidajen waya kusan 13,000, wasu zuwa awa 2 kacal a rana. An fasa yanka, an koma tatsa. Sai a 2022 majalisar ta soke waccan ƙa'ida ta ajiyar kuɗi.

Darasin a fili yake ga matashi mai hankali. Gidan waya ba shagon kasuwa ba ne, haƙƙi ne kamar rijiya da asibiti. Duk ranar da mahukunta suka ce babu kuɗi, a tambaye su wa ya haƙa ramin, wa kuma ake son turawa ciki. Wanda ya yi shiru, shi ake fara rufe wa ƙofa.