Wutar Kainji da Ma'aunin Ƙarfi Tsakanin Nijeriya da Nijar

MINNA — Masana hulɗar ƙasashe irin su Hans Morgenthau, wanda shahararren littafinsa ya fito a 1948, suna da ra'ayin cewa kowace ƙasa biyan buƙatunta take sa wa gaba, kuma duk wadda aka matsa wa lamba za ta nemi abokin da zai daidaita ƙarfinta da na mai matsa mata. Madatsar ruwa ta Kainji a Jihar Neja ta isa misali.

Tun bayan kammala ta a 1968, ruwan da ke juya injunanta ta cikin Jamhuriyar Nijar yake biyowa, domin Kogin Kwara sai ya ratsa Yamai kafin ya shigo Nijeriya. Saboda haka aka zauna bisa tsarin cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: Nijeriya na sayar wa Nijar wutar lantarki, ita kuwa Nijar ba ta tare kogin ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa mata takunkumi, Nijeriya ta katse wutar, ta kuma rufe iyaka. Nijar ba ta rusuna ba. A Satumbar 2023 ta ƙulla ƙawance da Mali da Burkina Faso, daga baya ta sallami sojojin Faransa da na Amurka, ta kusanci Rasha. A Maris ɗin 2024 Nijeriya ta janye takunkumin ba tare da farar hula sun koma mulki ba, kuma a Janairun 2025 ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS.

Asarar kuwa 'yan kasuwa ta faɗa wa. Fataken dabbobi da albasa da wake a Illela da Jibiya da Maigatari sun shafe watanni bakwai hanyarsu a toshe. Haka kuma an ƙara ba Nijar hujjar matsa ƙaimi kan madatsarta ta Kandadji, wadda duk ruwan da za ta riƙe zai shafi Kainji da Jebba, da masana'antun da ke dogara da wutarsu.

Ya kamata gwamnatin tarayya ta riƙa auna abin da ke hannun maƙwabciyarta kafin ta ɗauki cinikin wuta a matsayin makami. Su kuma 'yan kasuwa su rarraba hanyoyin fataucinsu, su rage bashin da suke bayarwa a ƙetaren iyaka, domin ranar da buƙatun gwamnatoci suka saɓa, kayansu ne ke fara tsayawa a bakin ƙofa.