Kafin ka sa kuɗin firojek ɗinka a agogon gudu, ka ɗan saurare ni

Mutum huɗu ne suka tambaye ni a satin nan wane agogo za su saya don gudun safe, har ɗaya ya turo min hoton wani da kuɗinsa ya kusa kuɗin hayar ɗakina na shekara. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Yadda na faɗa harkar nan ba abin alfahari ba ne. A simesta ta biyu ta mastas ɗina a nan Ibadan na je asibiti da ciwon kai, nas ta auna jinina ta ga 146 bisa 92. Ta sake aunawa, ta kalle ni, ta tambayi shekaruna. Ban kai talatin ba. Mahaifina kuma ya fi shekara goma yana shan maganin hawan jini. Ni na san abin da na yi wa kaina: zama gaban kwamfuta daga safe zuwa dare, indomi da ƙwai ƙarfe sha ɗaya, tsiren Sabo duk ranar da kewar gida ta taso. A gida ko ba ka so sai ka taka, ana aikenka, kana zuwa gaisuwa, kana buga ƙwallo da yamma. A nan daga ɗaki sai laburare, sai ofishin sufabaiza.

Washegari bayan Asuba na sa takalmi na fita da ƙarfina. Ban yi minti huɗu ba na durƙusa gefen titi ina haki, wata tsohuwa mai share ƙofar shagonta tana min sannu da Yarbanci. Kwana uku ina ɗingishi saboda ciwon ƙwauri. Ibadan garin tudu ne, hanyar da kake gani a miƙe cikin mota sai ka taka ta za ka san hawa ce.

Wani ɗan ajinmu ne ya ce min ba haka ake farawa ba. Ka yi gudu kaɗan, ka yi tafiya kaɗan, ka sake gudu, kuma ka fara tafiyar tun kafin ka gaji. Da farko na raina abin. Daga baya na gano tsari ne da ya daɗe. Jeff Galloway, wani Ba'amurke da ya wakilci ƙasarsa a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, shi ya shahara da koyar da shi tun shekarun 1970, kuma mutane da yawa sun kammala tseren kilomita 42 da wannan salon. Akwai kuma shirin nan na sati tara da hukumar lafiya ta Birtaniya ke tallatawa don kai sabon shiga ga gudun kilomita 5. Satin farko: tafiyar ɗumama jiki ta minti biyar, sai gudun sakan 60, tafiyar sakan 90, ana maimaitawa har minti 20, sau uku a sati. Shi ke nan fa.

To a nan maganar agogo ta shigo. Sakan 60 da sakan 90 ba abu ne da za ka ƙiyasta da ka ba. In kana da ƙarfi, sai ka zarce minti uku kana jin kanka, ka ƙone kafin rabin hanya. In ka gaji, tafiyar sakan 90 sai ta koma minti biyar, kana ce wa kanka bari in kai bishiyar can. Kana buƙatar wani abu da ba ruwansa da yadda kake ji, wanda zai ce maka tsaya, sannan ya ce maka tashi.

Ra'ayina kenan, kuma a kansa zan tsaya: abu ɗaya tak kake nema a agogon, wato ya iya ƙirga lokaci biyu mabambanta, ɗaya na gudu ɗaya na tafiya, yana juya su da kansa, yana sanar da kai da ƙara ko girgiza ba tare da ka kalle shi ko ka taɓa shi ba. In yana da wannan, ya isa. In ba shi da shi, ko yana amsa kira yana nuna saƙon WhatsApp, ba agogon da ka fito nema ba ne.

Ni sai da na yi asara na gane. Na shiga wani shagon kayan waya na sayi irin agogon nan mai allo da ake shafawa, marar suna, mai shago yana ta rantsuwa wai yana da wasanni sama da ɗari a ciki. Gaskiya ne, har da wasan da ban taɓa jin sunansa ba. Amma mai ƙirga lokacinsa sau ɗaya yake yi ya tsaya. Kowane zagaye sai na tsaya na shafa allo, ga gumi, kuma kun san zufar Kudu ba irin tamu ba ce, ba ta bushewa. Yatsa jiƙe, allo jiƙe, ba ya amsawa. Bugun zuciyar da yake nunawa kuwa, ranar da na ajiye shi kan tebur na ga yana ba teburin lamba, daga nan na daina yarda da shi. Ga caji duk bayan kwana biyu, a unguwar da muke yin kwana uku ba wuta. Kuɗin da na ware don buga takardun tambayoyin bincikena ne na taɓa, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ga tarkon da ya kamata ku sani. Abubuwa uku ne ake kira da suna kusan ɗaya a kasuwa. Akwai wanda ke ƙirgawa daga sifili ya yi sama har sai ka tsayar da shi, wannan kusan kowane agogon lamba yana da shi, har Casio F-91W ɗin nan da yayyenmu suka ɗaura tun 1989. Agogo ne mai kyau, amma ba zai yi maka ƙara bayan minti ɗaya ba, sai ka yi ta kallon hannu, ga duhun Asuba ga ramuka. Akwai na biyu, mai ƙirgawa ya sauko zuwa sifili ya yi ƙara. A cikinsa ma kashi biyu ne: wanda ke tsayawa in ya kai sifili, da wanda ke sake farawa da kansa, kamar G-Shock DW-5600E. Na uku shi ne ainihin abin, mai lokuta biyu ko fiye a jere. Wasu daga cikin agogunan Timex Ironman suna da shi, wasu na Casio na wasanni ma haka, amma ba duka ba, don haka kar sunan kamfani ya ruɗe ka. Kalmar da za ka duba a jikin kwali ko takardar agogon ita ce “interval”.

Mai maimaita lokaci ɗaya ma yana aiki in kana da haƙurin lissafi. In gudu da tafiyarka daidai suke, minti ɗaya-ɗaya, ba matsala ko kaɗan. In 60 da 90 ne, sai ka saita sakan 30: ƙara biyu kana gudu, ƙara uku kana tafiya. Na yi wata guda a haka da agogon aro. Yana yiwuwa, sai dai a zagaye na shida, lokacin da numfashi ya fara yankewa, za ka rasa ko ƙara ta biyu ce ko ta uku, kuma wallahi kullum kuskuren sai ya faɗa ɓangaren da ya fi maka sauƙi.

Wani zai ce, Malam, ai waya tana yin duk wannan kyauta. Haka ne, kuma ba zan ɓoye ba: manhajojin ƙirga zagaye suna nan birjik, kuma in ba ka da ko sisi, da waya za ka fara gobe, kar ka jira agogo. Amma ni na bar ta saboda dalilai na kaina. Wayata ita ce rabin karatuna, a ciki hirarrakin da na naɗa da mutanen bincikena suke, ba na son fita da ita ƙarfe shida saura a hanyar da ba kowa. Ruwan Ibadan kuma ba ya sallama. Na ukun shi ne mafi gaskiya: in waya na hannuna, tafiyar sakan 90 lokacin duba saƙo ce, daga nan gudun ya ƙare. In kai ka fi ni ƙarfin hali, kuma a filin wasa na cikin makaranta kake zagaye, riƙe kuɗinka.

Manyan agogunan masu GPS fa? Ba na kushe su. Garmin Forerunner 55, misali, yana da tsarin gudu-da-tafiya a cikinsa, ka sa mintunan ka tafi, yana girgiza a hannu, yana faɗa maka nisa da sauri, kuma maɓallai gare shi, gumi ba ya hana shi aiki. Amma kusan dala 200 ne lokacin da ya fito a 2021, sai ka buga da canjin yau ka ga. Tambayar ita ce, a wata ukun farko me za ka yi da sanin cewa ka yi kilomita 2.7? Tsarin da kake bi da minti ake auna shi, ba da nisa ba. In kuma nisan ya dame ka, zagaye ɗaya na cikakken filin tsere mita 400 ne a layin ciki, zagaye 12 da rabi kilomita 5 kenan. Wanda ya yi wata shida bai fasa ba, ya fara tunanin shiga tseren kilomita 10 na gasar Legas da ake yi tun 2016, ko na Okpekpe a jihar Edo, shi ne zai ci moriyar irin wannan agogon. Shi ma gara ya nemi na hannu mai lafiya, ya tabbatar batirin yana riƙe caji. Na san ɗakuna biyu a nan da agogo mai tsada ke kwance cikin durowa tun sati na uku.

Sai ƙananan abubuwa da ba wanda zai faɗa maka a shago. Alwala: sau biyar a rana ruwa zai bi ta hannunka har gwiwar hannu, ko ka cire agogon ko ka matsar da shi. Wanda aka rubuta wa mita 30, ko aka ce yana jure ruwa kawai ba lamba, fantsama yake ɗauka, ba a yi shi don nutso ba. Nemi mai mita 50 ko 100, kuma kar ka danna maɓalli yana jiƙe sharkaf. Maɗauri ya zama na roba, na fata wari zai yi cikin sati biyu. Lambobi su zama manya, da fitila. Batir kuwa, agogon lamba na yau da kullum yana shekaru da ƙwaya ɗaya, wasu na Casio har shekara goma aka rubuta musu, kuma ga mai zama inda wuta sai an ga dama, wannan ya fi duk wani ado.

Ƙara ko girgiza? A titi mai okada da janareta, ƙarar ƙaramin agogo ɓacewa take. Wata 'yar uwa da ke zagaye da ƙawayenta da sassafe ta ce min ita matsalarta daban: hannun rigarta dogo ne, ga hijabi a kai, ƙarar ba ta isowa kunne, kuma ba ta son abin da zai ja hankalin mutane kanta fiye da yadda ake kallonsu dama. Mai girgiza ya fi mata. Akwai ma wata 'yar na'ura da ba agogo ba ce, Gymboss, ana maƙala ta a ƙugu ko a riga, aikinta kenan kawai, lokuta biyu, ƙara ko girgiza, da batir ɗin AAA guda ɗaya. Samunta a nan sai an yi oda, amma in wani naka zai dawo daga waje, ta fi turare amfani.

Jabu ya cika kasuwa, musamman masu ɗauke da sunan Casio da G-Shock. Ni ba gwanin gane su ba ne ta nauyi ko rubutu, don haka hanyata ɗaya ce. Kafin ka biya, ka ce mai shago ya saita maka sakan 10 da sakan 15 a gabanka, ka ajiye agogon kan kanta, ka naɗe hannu. In ya yi ƙara, ya juya, ya sake yi, har sau uku ba wanda ya taɓa shi, to ku yi ciniki. In ya fara ce maka sai an haɗa da waya, ko “oga yana yi, takardar ce ba ta nan”, ka yi masa godiya ka fita. Minti biyu gwajin zai ci maka.

Abin da ban zata ba shi ne ɓangaren da agogon ya fi yi min amfani. Na ɗauka zai riƙa tura ni ne in yi gudu. Ashe babban aikinsa tsayar da ni. Akwai kunya a tafiyar nan, musamman in samari 'yan ƙwallo suka wuce ka da gudu, ko ka hango 'yan ajinku. Zuciya sai ta ce ci gaba, kar a ce ɗan Arewa ya gaza. Irin wannan ci-gaban ne ya kwantar da ni kwana uku a farko. Yanzu in ya yi ƙara sai in taka a hankali ko wa ke kallo, in an yi magana in nuna hannu in ce shi ya ce.

Wanda nake ɗaurawa yanzu na hannu ne, baƙi, gilashin duk ƙarce, na saye shi wajen wani da ya gama ya tafi bautar ƙasa. Ina gudun minti huɗu, tafiyar minti ɗaya, sau shida, Litinin da Laraba da Asabar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a sati, ko 75 na mai ƙarfi, kuma da tafiyar zuwa laburare ina kaiwa. Jinin ya sauko a awo biyu na baya, amma har yanzu ina zuwa a duba duk wata, kuma wanda aka taɓa ce masa jininsa ya hau, ko yake jin ciwon ƙirji ko jiri in ya motsa, don Allah ya ga likita kafin ya ga mai agogo.

Masu son gwadawa, muna haɗuwa bakin masallaci bayan Asuba ranar Asabar, yanzu mu biyar ne. Agogo ɗaya ya ishe mu duka, ni nake ɗaga hannu in ya yi ƙara. Ku zo da takalmi mai laushin ƙasa, ba silifas ba, don wancan satin wani ya zo da shi kuma mun ga yadda ta ƙare.