Hoto a waya ba ya ƙirga haƙoran faifai

Mun saba: ka ga kaya a waya, ya yi kama da naka, ka tura kuɗi. In caja ce, asarar kaɗan ce. Amma masu farfaɗo da tsofaffin motocin Amurka, waɗanda muke kallo a YouTube, sun san inda wannan ɗabi'a ke kai mutum.

Ɗauki fileksfilet, siririn faifan ƙarfen da ke haɗa karanshaf da konbata a mota mai giya otomatik. A ƙaramin injin V8 na Chevrolet akwai mai haƙora 153, akwai mai 168, kowanne da irin sitatarsa. Injin 400 kuma sai da faifai mai ɗan nauyi a gefe. Ka ɗaura masa na tsohon 350, zai yi ta jijjiga har ya ci kansa. A 1986 ma kamfanin ya sauya tsarin ramukan kusoshin karanshaf, tsohon faifai ba ya hawa sabon inji. A hoto kuwa duk kamarsu ɗaya.

A ganina, amfanin waya a nan shi ne ka binciko lambar da ke jikin injin, ka san girmansa da shekararsa. Haƙoran dai da yatsa ake ƙirga su.

Ko kayan sun dace, da sauran aiki. Dole konbata ta zauna daram cikin famfon giyabos kafin a haɗa da inji. In aka ja ta da kusoshi da ƙarfin tsiya, famfon zai fashe tun mota ba ta bar gareji ba.