MAI CIKI DA RAGUWAR ƘWAYOYIN DASKARAR DA JINI: A NEMI DALILI KAFIN MAGANI



'Yan'uwa magidanta, tambaya ce ta yawaita: iyali ta je awo, an ce filatilet ɗinta ya yi ƙasa, wane ganye za a dafa mata? Amsata ita ce, kar a dafa komai tukuna.

Da farko wannan ba shi ne ƙarancin jinin da muka saba da shi ba, wanda ake cewa a ci zogale da hanta. Filatilet wasu ƙananan ƙwayoyi ne a cikin jini, aikinsu toshe kafa idan an ji rauni, jini ya daskare ya tsaya. A takardar gwaji, na mai lafiya yana tsakanin 150 zuwa 450, wato dubu 150 zuwa dubu 450. Ranar haihuwa kuwa su ake buƙata, don mahaifa na rabuwa jini zai zuba.

Me ke rage su?

1. Cikin da kansa. Wannan ne mafi yawa, wajen kashi uku cikin huɗu na masu matsalar. Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa, sai ƙwayoyin su tsinke kamar an ƙara wa kunu ruwa. Yakan zo a watannin ƙarshe, ba kasafai yake sauka ƙasa da 70 ba, kuma yana gyaruwa da kansa cikin makonni bayan haihuwa.

2. Hawan jinin masu ciki. To, nan fa ake jin tsoro. Idan ciki ya wuce mako 20, ga kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, hanta na iya taɓuwa, ƙwayoyin su zube cikin kwana ɗaya ko biyu. Jijjiga na iya biyo baya. Wannan ba a kwana da shi a gida.

3. Zazzaɓin cizon sauro. Yana cinye su sosai. Gidan sauro da Fansidar ɗin da ake bayarwa wurin awo ba wasa ba ne.

4. Garkuwar jiki ta juya tana farfasa su. Mai wannan sau da yawa tun farkon ciki, ko ma kafin cikin, nata a ƙasa yake.

5. Ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, ƙarancin sinadarin folik asid, da wasu magunguna irin su kwinin.

Kun ga dalili biyar, kowanne da maganinsa daban. Wani ido kawai za a sa masa, wani kuma sai an ciro jaririn uwa ta tsira. Yaya mai magani zai bambance su ba gwajin jini, ba awon hawan jini, ba gwajin fitsari? Duk wanda ya ba ka gora ɗaya ya ce ta isa, wallahi kasuwancinsa yake yi.

Abin da za a kiyaye:
Kar a yi mata ƙaho.
Kar ta sha asfirin, ibufurofen ko diklofenak sai likita ya rubuta.
A bar tafarnuwa da citta iya na miya, yawansu na iya rage daskarewar jini.
Ruwan ganyen gwanda da ake yaɗawa a waya, a bar shi, ba a tabbatar da amincinsa ga mai ciki ba.

Idan ka ga haɓo, jini a dasashi, ɗigo-ɗigo ja a fata, ko shatar jini ba tare da ta buge ba, a tafi asibiti a ranar.

Maigida, amana ce a wuyanka. Ka biya kuɗin maimaita gwajin, ka tanadi masu ba da jini tun kafin naƙuda, kuma ta haihu a asibitin da ke da wurin ajiyar jini, ko da gwaggo da inna sun ce su a ɗaki suka haihu. Addu'a muna yi, sababi ma muna riƙewa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da za a haifa. Amin.

A tura wa sauran 'yan'uwa.